Alewar da Zan Jefi Yo'el da Ita

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma da gardama ya fara.

"Ni fa ba zan jefi ƙaninka ba," na ce wa Eliyeza.

"Sai ka jefe shi, Nafi'u. In ba haka ba, me ya kawo ka?"

Eliyeza abokina ne tun ajin farko na sakandare, Ibo ne, Bayahude. Ƙaninsa Yo'el ya cika shekara goma sha uku, zai karanta Attaura a gaban jama'a ya shiga sahun manya. Bar mizba suke kiran bikin, kuma an gayyace ni. Wannan gaskiya ne ko a farke. Sauran mafarki ne.

Titin Kubwa ne ke tafiya, mu muna tsaye, har wurin bikin ya iso mu.

A bakin ƙofa wani zabo ne zaune da tabarau. Ya ce, "Waya." Na miƙa masa. Ya kwantar da ita a kwando, ya lulluɓe ta da zani. "Yau Asabar, ranar hutun Yahudawa, ita ma hutawa take." Na sunkuya zan cire takalmi, ya ce a nan kai ake rufewa, ƙafa ba ruwanta. Na nuna masa hulata. Ya auna ta da fiffike, ya ce ta ishi mutum uku. Wasu baƙi biyu suka shigo ƙarƙashinta.

Sai ga mu a ciki. Aka tashi na tashi, aka zauna na zauna. Ban yi tafi ba, ban yi hira ba. Na san na iya. Yo'el ya yi karatu, muryarsa na fita ta taga tana dawowa ta ƙofa.

Da ya gama, jama'a suka shiga jifansa da alewa mai laushi, don rayuwarsa ta yi zaƙi. Duk wadda ta taɓa shi sai ya ƙara tsawo. Ta kakarsa ce ta fito masa da gashin baki. Saura tawa.

Hannuna ya ƙi. A gidanmu ko da ƙwallon goruba ka jefi yaro sai kunnenka ya gaya maka, balle a ɗakin ibada, a gaban iyayensa. Na taka har gabansa, na rusuna, na miƙa masa da hannu biyu.

Yo'el ya fara raguwa. Gashin baki ya koma. Takalmi ya yi masa yawa.

"Yaya Nafi'u, jefo mana," ya ce, da muryar ɗan shekara biyar.

Mahaifiyarsa ta kwance zanin goyo. "Ɗana, ladabin nan naka zai mayar mini da shi baya."

Hular da ke kan Eliyeza ce ta juya mini baya.

Na ja da baya taku uku. Na saita kafaɗar yaron, na jefa. Alewar ta yi sama, ta tsaya ƙarƙashin rufi. Kowa ya ɗaga kai. Yo'el na rarrafe, yana jira ta sauko.

Ƙarar famfo a cikin bokitin ƙarfe ce ta tashe ni. Gari ya waye, Asabar, ranar bikin. Ledar alewar da na sayo tana gefen filo. Na ciji ɗaya, tauri kamar tsakuwa. Na kira Eliyeza in tambaye shi, wayarsa a kashe. Hutawa take.

Na leƙa tsakar gida. Ummana na wanke-wanke.

"Umma, in za a jefi ɗan mutane don a taya shi murna, da ƙarfi ake yi ko a hankali?"