Kwalbar da Ta Ƙi Buɗuwa

Tun da guguwa ta tsinke igiyar tarkon 'yata Rhoda a teku, zama ya gagare mu a gida. In dafa shayi ya huce, in sake dafawa ya sake hucewa. Ita kuwa daga taga zuwa bakin ruwa, daga bakin ruwa zuwa taga, har na ce za ta cinye min katakon ɗaki da takalmi.

Tarkon ba na kifi ba ne. Wani ƙaton mazurari ne da kwalabe a gindinsa, ta nutsar da shi nesa da gaɓa tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Abin da yake tarewa kuwa kashi ne. 'Yata ta yi shekara da shekaru a jami'a, ta dawo tana tara kashin wasu ƙwarin ruwa da ba su kai ƙwayar shinkafa ba! Wai suna cin ƙananan tsirran ruwa da suka zuƙi sinadarin kabon daga iska, kashinsu ya nutse da kabon ɗin can ƙasan teku, ana son sanin yawan abin da ke sauka a ruwan sanyi irin namu. Ni ba wannan ya dame ni ba. In kwalaben sun dawo cike, za a bar ta ta ci gaba da aiki nan kusa da mu. In babu, can birnin Halifax za ta koma, ni kuma na gaji da ganin 'yata a waya.

Ubanta Ambrose, duk lokacin da ta fara bayani, sai ya ce "to, to" yana ɗinkin ragarsa. Bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Amma shi ne ya yi ta fita da jirginsa na kamun kifi kullum, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, yana neman tarkon.

Ran Alhamis da rana muka ji ƙahon jirginsa tun daga nesa. Rhoda ta fita ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba, na bi ta ina haki.

"Dulcie, zo ki ga mijinki!" Ambrose ya ƙwala min daga jirgi. "Wa ya ce na tsufa?"

Ga tarkon nan a shimfiɗe, yana ƙyalli kamar sabon kwano. Nan take na gane wanke shi ya yi. A nan, wanda ya tsinci kayan wani a ruwa ba ya mayarwa da datti, abin kunya ne. Haka uban Ambrose ya koya masa, haka kowa ke yi.

"Baba," in ji Rhoda, "ina abin da ke cikin kwalaben?"

"Wannan ƙazantar? Ke dai bari! Wari kamar me. Na wanke miki su tas, har da sabulu."

Ta zauna daɓas a kan katakon tashar jirgin. Ni kuwa haushi ya cika ni, na rasa wanda zan rufe da faɗa, shi ko kaina da ban ja masa kunne ba.

Ambrose ya dube ta, ya dube ni, dariyar ta gudu daga fuskarsa. Ya zaci abin da ya ɓoye ne muka gano. Ya sunkuya ya jawo wata kwalba daga ƙarƙashin buhu, cike da baƙin laka.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Wannan murfinta ya ƙi buɗuwa. Hannun nawa ba kamar da ba."

Rhoda ta yi tsalle ta fizge ta, ta rungume a ƙirji tana kuka tana dariya.

"Za ta isa?" na tambaye ta.

"Ban sani ba, Mama. Guda ɗaya ce."

Ambrose ya tsaya yana kallon hannayensa. Can ya ce a hankali, "Rhoda, zo ki sake faɗa min abin nan na ƙwarin. Daga farko."