Kabarin Kanar Maroning

Ƙanena Maroning ya yi shekara talatin da ɗaya cikin kaki. Ni aji uku na tsaya, na gaji tsagar itacen roba. Shi ya shiga soja yana kurtu, ya tsare iyakar arewa, ya yi aiki a ƙasar Timor, ya dawo mana lardinmu na Narathiwat, can kudu, da muƙamin Kanar. A bariki ɗan Malayu ne, ƙabilarmu ta Musulmi da 'yan tawaye suka fito daga cikinta, a ƙauyenmu karen gwamnati. Jemage ke nan, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi sun ƙi shi. Na gaji da ce masa ya ajiye aikin. Kullum amsarsa ɗaya: "Yaya, in na ajiye, wa zai saurari kowane ɓangare da harshensa?"

Ranar Talata da hantsi bam ya tashi da motarsa a kan wata kwalbati.

Na isa bariki kafin azahar. Mataimakinsa, Manjo Tawat, ɗan addinin Buda, ya tare ni, idonsa jajir.

"Baba, a yi haƙuri kwana uku. Janar zai zo daga Bangkok. Za a lulluɓe shi da tuta, a harba bindiga."

"Bam ɗin da ya tashi bai isa ba? Gawarmu ba ta kwana a waje, ɗana. Yau zai shiga ƙasa. Janar ya zo ya gaida tudun kabarin."

"Za su ce na saɓa umarni."

"Ka ce tsoho ne ya fi ka taurin kai."

Manjo ya sa aka kawo mota.

A ƙauye muka tarar da ƙofofi a rufe. Mutanen da Maroning ya fitar wa da 'ya'ya daga tsare, babu ko ɗaya da ya fito. Ban zage su ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, nasa yake shafa wa ruwa, kuma masu dasa bam suna ƙirga wanda ya bi gawa. Liman Dolo ne kaɗai ya fito da sandarsa, sai tsofaffi biyu. Mu huɗu muka yi masa wanka, muka sallace shi. Amma a cikinmu babu mai ƙarfin haƙa, ga la'asar ta gota.

Muka je maƙabarta, sai ga Manjo ya tuɓe riga, shi da sojoji uku suna ta sara ƙasa. Sun yi nisa. Rami mai kyau, kusurwa huɗu, irin na ɓuya a fagen daga.

Liman ya leƙa, ya girgiza kai. "Wannan wa za ku harba daga ciki? Ina alƙibla?"

Manjo ya tsaya, gumi na zuba. "Ba daidai ba ne, Baba?"

"Ba daidai ba ne," na ce. "Ku cike."

Bai yi musu ba. Na ja layi da sandar liman, na nuna musu inda fuska za ta kalla, da ƙaramin ramin gefe inda ake kwantar da mamaci. Suka sake daga farko. Tafin hannun Manjo ya fashe, bai ajiye fartanya ba.

Da aka zo saka shi, gwiwata ta tsufa ta hana ni sauka ramin. Liman ya dube ni, na dube shi, don babu mai ƙarfi a wurin sai wanda ba Musulmi ba. Na ce wa Manjo ya riƙe ni ta hamata ya zura ni ciki, ya miƙo mini ƙanena a hankali, ta wajen kai.

Muka rufe shi rana na kan itatuwan roba, saura kaɗan ta faɗi.