Ruwan Bayana Ya Fito Garau

Ciwona ya san ranar asibiti. Duk ranar da za a kai ni ganin likita sai ya tattara komatsansa ya ɓuya, in shiga ofis da ƙafafuna kamar wanda ya zo gaisuwa. Da mun dawo gida sai ƙafar hagu ta koma kamar ta aro, idon dama ya riƙa gani dishi-dishi. Gyaran waya nake yi a shagon yayana, aikin da ba ya son hannu mai rawa. Sai da na ƙona wayoyin mutane da dalma kafin na yarda na zauna a gida.

Yaya bai taɓa cewa ƙarya nake yi ba. Cewa yake, "Auta, ciwon nan naka ɗan gata ne, ba ya tashi sai an buɗe shago." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, don in ban yi ba a ce na cika fushi.

Likitar jijiyoyi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce tana zargin wani ciwo da garkuwar jiki ke cinye rigar jijiya. Na gane nan take, wayar wuta ce ɓera ya ci robarta. Ta ce hoton ƙwaƙwalwata ya nuna tabo, amma bai isa hujja ba, sai an ɗebi ruwan laka ta bayana an gwada. In wasu layuka suka fito a ruwan waɗanda babu su a jinina, to ciwon ya samu suna, sai a fara magani.

Aka kwantar da ni ta gefe, na naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji. Allurar ta shiga tsakanin ƙasusuwa, na ji wani abu ya tsarga mini har yatsan ƙafa. Nas ta tari ruwan a 'yan kwalabe yana ɗiga a hankali, ta ɗebi jini a hannuna, ta haɗa su za ta kai ɗakin gwaji. A bakin ƙofa Umma ta tare ta, ta leƙa kwalbar.

"Wannan ai ruwa ne garau," in ji Umma. "Ina ciwo a nan?"

"Mama, haka yake fitowa ko da ciwo ko babu," in ji nas. Umma ba ta saurare ta ba, ta riga ta ga abin da take so ta gani.

Makonnin da na yi ina jira, ina jin kunyar addu'ar da nake yi. Mutane na roƙon lafiya, ni ina roƙon a ga ciwo.

Ranar sakamako matata ce ta raka ni. Likita ta ce layukan ba su fito ba.

"Wannan bai wanke ka ba," in ji ta. "Akwai masu ciwon da ruwansu ba ya nunawa. Amma maganin mai ƙarfi ne, ba zan fara maka shi a kan zato ba. Mu jira. In ya sake tashi, ka zo a ranar."

"In jira ya ƙara cin wani wuri ke nan, likita?"

Ta ce, "E."

Matata ba ta ji wannan ba, tana baranda da waya a kunne. Ina jiyo ta tana cewa, "Umma, albishirinki, ba a ga komai ba." Murna take yi, kuma ban ga laifinta ba. Ta gaji ita ma.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Maƙwabta na shigowa yi mini barka, Umma na sa wa likita albarka. Yaya ya dafa kafaɗata, da zuciya ɗaya wallahi, ya ce, "To Auta, an huta. Teburinka na nan na goge maka shi, gobe da safe ina jiran ka."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na zauna a bakin gado. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba, gida cike da mutane masu sona. Na dubi ƙafar dama, mai lafiyar, wadda take ɗauke da ni duk watannin nan. Na ɗaga hannu na roƙi Allah, in ita ce za ta biyo baya, ya sa ta tafi da wuri, kuma a gaban mutane.