Rigar Uwar Amarya

Baƙar kimonon, doguwar rigar nan ta gargajiya, tana rataye a kan sandarta a ƙuryar ɗaki, hannuwanta a miƙe, gauraki na zaren zinariya suna tashi daga bakinta na ƙasa. Sumie na durƙushe a gabanta da ɗan almakashi, tana tsinke farin zaren da tela kan bari a jikin sabuwar riga har zuwa ranar da za a fara sa ta. Zaren ya daɗe a wurin har ya koma ruwan ƙasa.

Yau ce ranar auren 'yarta tilo, Chizuru. Uwar amarya da uwar ango duk irin wannan baƙar riga mai tambarin gida suke sawa, kuma tuni uwar angon, Uwargida Kuwabara, ta bugo waya ta tabbatar da haka, don kada ɗaya ta fi ɗaya a idon dangi.

Rigar ba ta Sumie ba ce tun asali. Mahaifiyarta, Kikuno, ita ta ba da ɗinkinta a nan Kanazawa saboda bikin Sumie. Ana dab da bikin, sai mahaifin Sumie ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, bai sake tashi ba. Aka fasa taro, ango da amarya suka je ofishin gunduma suka sa hannu, rigar ta koma durowa cikin takardarta. Daga baya mijin Sumie ma ya rasu, ta dawo gidan nan da 'yarta. Yanzu Kikuno ta tsufa, tunaninta ya ruɗe. Sumie ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke tashi duk lokacin da tsohuwar ta nufi ƙofa tana cewa za ta je taryen mijinta a tasha. Ta manta rabonta da barci mai nauyi.

Daga ɗaya ɗakin ƙanenta Noboru ya ƙwala mata kira. Jiya ya iso daga Osaka, shi zai tsaya a matsayin uban amarya, cikin kayan mahaifinsu. Ta same shi riƙe da hakama, wandon nan mai faɗi da ninki, yana juya shi bai san gaba da baya ba.

"Yaya, wannan wando ne ko buhun shinkafa?"

"Buhun yana nan a gabanka," in ji ta, ta bugi tumbinsa da bayan hannu. "Ɗaga hannu."

Tana zagaya shi da igiyoyi yana ta magana. A ganinsa da an kai Mama gidan kula da tsofaffi na yini ɗaya, kowa ya huta. Sumie ta ce Chizuru ce ta roƙa a zo da kakarta. Ba ta ƙara komai ba. Noboru kan zo sau ɗaya ko biyu a shekara, da kwalin alewa da shawarwari, ita kuwa ta gaji da gardamar da ba ta rage mata aiki. Ta ɗora masa baƙar haori, rigar sama, a kafaɗa, ta daidaita farar gezar da ke ƙirjinsa. Da ya juyo sai ga mahaifinsu sak, har ta kau da ido.

Da ta koma ɗakinta sai ta tarar da Kikuno a ciki. Ta bi bango ta shigo, tana tsaye da rigar barci, ta riƙe hannun baƙar kimonon da hannu biyu.

"Ke ce mai shiryawar da aka turo?" in ji tsohuwar. "Kin makara. Yau auren Sumie, ga shi ko safa ban sa ba."

"Mama, ni ce Sumie. Chizuru ce amarya, jikarki. Ga taki can, mai ruwan shuni, wadda kike so."

Kikuno ta dubi rigar da aka nuna mata, ta sake duban Sumie kamar wadda aka zaga. Ta ce ita ce uwar amarya, ba baƙuwa ba. Yatsunta suka ƙara nutsewa cikin alharinin, haɓarta ta fara rawa. Sumie ta san wannan rawar. Bayanta sai kuka da ihu, sai a wuni ba ta ci ba ta sha ba, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa ta.

Noboru, da ya leƙo daga bakin ƙofa, ya yi raɗa cewa a lallaɓe ta da shayi a ɗauke rigar, nan da nan za ta manta. Sumie ta ce abin takan manta, amma ɓacin ran ba ya barinta. Ta fita baranda ta kira wurin da ake ba da hayar kayan biki. Matar da ta ɗauka ta yi ta ba da haƙuri: rana ce mai sa'a a kalanda, ga shi lokacin kaka ne da ake yawan biki, babu baƙar riga ko ɗaya da ba a kama ba.

Sumie ta ɗan tsaya da wayar a hannu. Ruwan safe ya jiƙa duwatsun tsakar gida. Tun watan jiya take fito da rigar nan tana shanyawa a inuwa, tana gwada ta gaban madubi idan tsohuwar ta yi barci. Ita ba a yi mata biki ba. Ta ɗauka ko ba komai yau za ta zauna a gaba, sau ɗaya, a kalle ta a ce ga uwar amarya.

Ta koma ciki ta durƙusa gaban mahaifiyarta. "Kawo ƙafarki, Uwargida."

Ta sa mata fararen safa, ta sa mata rigar ciki, ta naɗa mata tawul a ƙugu don tsohuwar ta rame, babu inda ɗamara za ta zauna. Ta sauke baƙar rigar ta ɗora mata, gefen hagu a kan na dama, ta ninke tsawon a ƙugu ta ɗaure. Da aka zo kan obi, ɗamarar nan mai nauyi, sai da Noboru ya shigo ya riƙe mahaifiyarsa ta kafaɗu Sumie na ja. Yatsunta na zugi. Kikuno kuwa, wadda ta daɗe a ranƙwafe, sai ga bayanta yana miƙewa. Har ta ce a ɗan ja wuyan rigar baya, ita ba yarinya ba ce da za a shaƙe.

Sumie ta zura tata a gurguje, wata mai ruwan toka marar ado da takan sa zuwa addu'ar tunawa da mamata. Motar haya na ta jira a waje.

A harabar wurin bauta suka haɗu da dangin ango. Uwargida Kuwabara, cikin baƙar rigarta, ta dubi tsohuwar da ke kan keken marasa lafiya, sannan ta dubi Sumie tun daga wuya har ƙasa. Sumie ta ranƙwafa sosai, ta nemi gafara, ta ce laifinta ne.

"Rigar ta karɓi Kaka," in ji matar, ta ranƙwafa ita ma. Sumie ba ta iya gane ko yabo ne ko gori ba, ba ta kuma da ƙarfin bin diddigi.

Aka fito da Chizuru cikin fari tun daga kai har ƙafa, tana takawa a hankali. Kallo ɗaya ta yi musu ta gane. Bakinta ya motsa.

"Kada ki soma," in ji Sumie ƙasa-ƙasa. "Za ki ɓata kwalliyar."

Kikuno ta miƙa hannu ta kamo na amarya. Fuskarta ta yi haske irin wanda Sumie ta daɗe ba ta gani ba. "Sumie," in ji ta, "kada ki damu. Babanki na nan tafe, aiki ne ya riƙe shi."

Chizuru ta dubi mahaifiyarta. Sumie ta gyaɗa mata kai.

"To, Mama," in ji amarya.

Aka yi komai yadda aka saba. Ango da amarya suka kurɓi giyar shinkafa daga ƙananan kofuna, aka busa sarewa, dangi suka tafa hannu gaban wurin bauta. Kikuno ba ta yi ko tari ba. Da aka zo ɗaukar hoto, mai hoton ya dubi riguna ya tura keken tsohuwar zuwa gaba, kusa da amarya, ya roƙi matar nan mai ruwan toka ta ɗan matsa baya. Noboru ya buɗe baki zai yi magana, Sumie ta taɓa hannun rigarsa. Ta tsaya a sahu na biyu, hannunta ɗaya a kan keken. A wurin walima ma yawancin lokacin tana gefen tsohuwar, tana yanyanka mata kifi, tana tare miya da adiko kada ta ɗiga a kan alharini.

Rana ba ta faɗi ba suka dawo, su biyu, Noboru ya wuce tare da abokan ango. Sumie ta kwance obi, ta kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, tawul ɗin suka zube, tsohuwar ta sake komawa 'yar ƙarama. Ta sa mata rigar barci, ta kwantar da ita, ta ja mata bargo.

Kikuno ta ce bikin ya yi kyau, Sumie ma ta yi kyau, ba a taɓa amarya kamarta ba. Idanunta sun fara lumshewa, sai ta sake buɗe su ta ƙura wa matar da ke durƙushe kusa da ita.

"Ke kuma, yarinya, tun safe kike tsaye. Ki je gida ki huta, kada mahaifiyarki ta damu."

"To," in ji Sumie.

Ta zauna a nan kan tabarma, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta.