Mako Uku Malama Ba Ta Ce Uffan Ba

Duk wanda ya san Malama da murya ya san ta. Aji uku take koyarwa a firamare, amma har 'yan aji shida suna ɗaukar darasinta ta bango. Ranar Lahadi ita ke ja wa mata waƙa a coci, ita ke sanarwa, ita ke tsawata wa masu hira a baya. Mijinta makaniki ne, yakan ce in ta fara addu'a maƙwabta daga ɗakunansu suke amsa amin.

Sai muryar ta fara shaƙewa. Ta sha zuma, ta sha ruwan ɗumi, abin sai gaba yake yi. Likita ya leƙa maƙogwaronta ya ce akwai ƙari, sai an cire. Bayan an gama aikin ya tsaya a bakin gadonta ya ɗaga yatsu uku.

"Mako uku ba magana, Malama. Ko raɗa ban yarda ba. Abin da muka cire mun aika a bincika, ranar da kika dawo za mu san ko ciwon daji ne."

"Likita, mako uku ka ce ko minti uku?" in ji makaniki. "Matar nan ko a barci sanarwa take yi."

Ta galla masa harara.

Yayarta mai sayar da yadi ta rufe shago ta tare a gidan don jinya. Aka ɗauko wa Malama ƙaramin allo da alli. In tana son magana sai ta buga cokali a tebur, ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Kafin ta gama jimla ɗaya hira ta wuce ta bar ta. Abin da ya fi cin ta kuwa ba ta rubuta wa kowa ba: tsoro ya cika mata ciki, kuma ta kasa addu'a. Duk rayuwarta da baki take roƙon Allah. Yanzu in ta durƙusa ba abin da ke zuwa kanta sai kalmomi biyun nan na likita: ciwon daji.

A rana ta goma, da tsakar rana, Yaya tana wanki a bayan ɗaki, Malama ta ɗauki allonta ta fice, ko waya ba ta ɗauka ba. Ba ta yi niyyar zuwa ko'ina ba, ƙafa ce ta kai ta coci. Ƙofa a buɗe, ba kowa sai dattijon da ke share wurin, yana jan bencina.

"A'a, 'yata! An ce likita ya sa wa bakinki kwaɗo."

Ta rubuta da sauri, *Baba, na kasa addu'a*, ta miƙa masa allon. Ya kai shi nesa, ya kawo shi kusa, ya lallaba aljihunsa.

"Kash, na baro tabarau a gida. To amma ko me kika rubuta, Mai gidan nan ya riga ni karantawa. Shekara nawa kina yi wa Yesu aiki a tsaye? Yau dai bari ya gan ki a zaune. Wancan bencin na share shi."

Ta zauna a benci na ƙarshe, inda ba ta taɓa zama ba. Fanka ɗaya tana juyawa a hankali, tsintsiyar dattijo tana ta kai da komo. Ta ajiye allon. Ba ta tsara wata addu'a ba, a zuciya kawai ta ce, Yesu, na gaji, kuma tsoro nake ji. Hawaye suka ɓalle mata. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ko ciwon ne ko ba shi ba ne, ta san ba ita kaɗai ke riƙe da shi ba. Ta jingina da bango, barcin da ya ƙaurace mata kwana goma ya yi awon gaba da ita.

A gida kuwa hankali ya tashi. Yaya ta kira makaniki tana ihu, ya fito daga ƙarƙashin mota ya haye babur da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya je makaranta, ya je asibiti, ya zaga kasuwa sau biyu yana tambayar mutane ko sun ga wata mata da allo. Sai wajen ƙarfe biyar ya faɗo cocin yana haki, da nufin a taya shi addu'a.

"Baba, matata ta ɓata!"

"Sassauta murya, ɗana. Ga ta can tana minshari."

Ya tsaya a kanta baki buɗe. Ta farka, ta gan shi takalmi ƙafa ɗaya, ta fara dariya ba sauti har kafaɗunta na girgiza. Ta jawo allo ta rubuta, *Na huta.* Ya zube a bencin, ya rasa ko faɗa zai yi ko godiya.

Daga ranar kullum sai ta je ta zauna awa guda. Tsoron yakan leƙo, amma ya daina kwana. Yaya har cewa ta yi, "Ni fa wannan ƙanwar tawa ta fi daɗin zama, a ƙara mata mako."

Ranar komawa asibiti su uku suka tafi. Makaniki ya kasa zama, ya ƙirga tayil ɗin baranda ya sake ƙirgawa. Malama ce ma ta kama rigarsa ta zaunar da shi. Da aka kira su, likita ya buɗe takarda ya ɗago kai.

"Ba ciwon daji ba ne."

Yaya ta rangaɗa guɗa har wata nas ta leƙo. Makaniki ya rungume likita, ya bar masa shatin yatsu biyar a farar riga.

"To Malama, a hankali, ce wani abu mu ji."

Ta haɗiye yawu. "Na gode wa Allah."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, mai kauri, kamar ta ƙaton namiji. Yaya ta waiga bayanta tana neman wanda ya yi magana.

"Wayyo, Malama," in ji makaniki, "wannan ai tsohuwar tirela ce aka tayar!"

Likita ya ce muryar za ta washe da sannu, amma wataƙila ba za ta ƙara hawa sama kamar da ba, kuma waƙa sai bayan wata biyu. Malama ta jira ta ji zuciyarta ta karye, sai ta ji shiru, lafiya lau.

"Ba komai, likita," ta ce da sabuwar muryarta. "Akwai masu jan waƙar."

Kafin su isa gida Yaya ta buga wa rabin duniya waya. Suna shan kwanar layinsu suka tarar da matan coci cike da ƙofar gida, wata da garin tuwo a hannu, wata da ɗankwali a karkace. Suka ɗauki waƙar yabo tun babur bai tsaya ba. Aka fito wa Malama da kujera ta zauna a tsakiyarsu tana tafi. Makaniki kuwa ya jingine babur ya shiga fili, ya kama rawar da rabonsa da ita tun yana saurayi, Yaya tana bin sa tana cewa ya yi a hankali da ƙugun nan, ita ta gama jinya a gidan nan.