Harajin Yayan Hafsah

Tun da mijina Malam Sagiru ya yi ritaya, babu abin da ya sha wahala a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi kamar babbar rigarsa shuɗiya. Ni ke wankewa, ni ke gogewa, shi kuma ya zura ta ya tafi Tarauni taron 'yan fansho, ya dawo da ita jiƙe da gumi, da sabon alkawari a bakinsa. An ce wata mai zuwa. An ce bayan sallah. An ce sai an sa hannu a kasafin kuɗi. Riga ta koɗe, kuɗin sallamarsa ba su fito ba, ɗan fanshon da ake jefo masa ƙarshen wata kuwa ko maganin hawan jininsa ba ya isa. Ni dai na gaji, har na daina tambayarsa yadda aka yi idan ya shigo.

Wanda ke riƙe da gidan shi ne ɗanmu na fari. Kada ku jira in faɗi sunansa, don tun ranar da aka raɗa masa har zuwa lokacin ban taɓa furta shi ba. Haka na taso na ga uwata tana yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a tsaya masa ko da shi ke da gaskiya. Yaran yanzu dariya abin yake ba su, ni kuwa a jinina yake. Idan maganarsa ta kama sai in ce yayan Hafsah, Hafsah kuwa ita ce autarmu. Malam ma har ya fi ni. "Ina yaron nan?" shi ne iyakar abin da za ka ji daga gare shi.

Yayan Hafsah ya yi digirinsa, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya suɗe, daga ƙarshe ya karɓi adaidaita sahu a hannun wata Hajiya a Darmanawa, kullum da yamma yana kai mata balas. Abin da ya rage shi ne tukunyata. Bai taɓa miƙo min a hannu ba. Sai dai in fito in tarar da leda a bakin murhu, ga kayan miya, ga manja, wata rana har da ɗan nama. Shi ke kai Malam taro, shi ke ɗauko shi. Hafsah ta taɓa bin su, ta ce tun daga ƙofar gida har Tarauni babu wanda ya ce wa wani uffan.

Wata Laraba Malam ya shigo yana fara'a, abin da na manta rabon da in gani.

"Uwani, wahala ta zo ƙarshe," in ji shi. "An kira mu zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Gwamnati ta ce asusu babu komai, amma an samo hanya. Za a sa sabon haraji na kullum, a ware shi don biyan 'yan fansho. So ake mu fito mu goyi baya, kuma ni ƙungiya ta zaɓa in yi magana."

"A kan wa za a sa shi?"

Sai ya tsaya gyaran hula. "Masu adaidaita."

Na ajiye ludayin da ke hannuna. "Malam, duk shekarun da ka yi kana aiki, ba kowane wata ake yankar albashinka ba, aka ce ana tara maka?"

"Ana yanka."

"To ina suke?"

"An yi wasu hidindimu da su. Mutanen baya ne."

"Da a hannunka aka bar su, filin nan na Hotoro da ka yi ta zagayawa da ka saya, yau da haya muke karɓa. Aka ce kai ba ka iya ajiya ba, su suka iya. Yanzu kuma za a zura hannu a aljihun masu cika mana tukunya, a zaga da kuɗin ofis-ofis, kowa ya lasa, abin da ya rage a miƙo maka ka yi godiya. Yau daga aljihun nan zuwa murhuna babu kowa a tsakani."

"Haƙƙinmu ne, Uwani. Ba roƙo muke yi ba." Muryarsa ta sauka. "Abokina Ashiru yana jira ya mutu. Ke kika je wa matarsa Lami gaisuwa, kin ga ɗakinta, ko katifa babu. Kuma so kike in miƙe a gaban dattawa in ce kada a sa saboda na gidana? Ɗan fari? Da wane ido zan dubi mutane?"

Maganar Lami gaskiya ce, na gani da idona. Kuma ni da nake ta faɗa, ai ban iya cewa ɗanmu ba, kewaye-kewaye na yi ta yi.

Na gwada ta ɗaya gefen. Na ce wa Hafsah ta gaya wa yayanta ya samu babansu ya faɗa masa halin da ake ciki, tsadar mai da nauyin balas, ko Malam zai bar wa wani maganar. Ta je ta dawo tana tura baki.

"Inna, cewa ya yi Allah ya ba Baba sa'a."

Na ji haushinsu su duka biyun, na ji haushin kaina. Mutum uku a gida ɗaya, kowa ya san abin da ke tafe, kowa kunya ta ɗaure shi.

Ranar zaman, yayan Hafsah ya wanke kekensa tas, ya goge kujerar baya, ya kai babansa. Ni a rediyo na saurara ina tsintar shinkafa. Malam dai Allah ya ba shi baki. Ya yi maganar tsofaffin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bautar ƙasa, ya yi maganar marayu, sannan ya ce, "'Ya'yanmu masu adaidaita ba za su ƙi tallafa wa iyayensu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba." Aka yi tafi har rediyon yana ƙara. Daga baya na ji cewa yaron yana waje tare da sauran direbobi, ƙarƙashin lasifika. Wani ya taɓa shi ya ce, wannan ba babanka ba ne? Ya ce shi ne. Da suka iso gida, ina leƙe ta zaure, na ga ya riƙe wa Malam gefen rigar don kada ƙarfe ya kama ta.

Haraji kuwa bai yi jinkiri irin na fansho ba. Kafin ka ce me, an cika mahaɗar tituna da samari masu yankar tikiti. Wanda aka yanka maka a nan, ka tsallaka can a ce ba shi ba ne. Direbobi suka ƙara kuɗin hawa, mutane suka koma takawa a ƙasa, keke ya riƙa yawo fayau yana shan mai. Ni a ledata na ga komai. Nama ya fara ɗaukewa, manja ya koma rabi, sai ga ranar da na tarar da albasa da attaruhu kawai. Yaron yana fita tun kafin gari ya waye sosai, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba.

Hajiyar Darmanawa ba muguwa ba ce, ta rage masa balas, ta kuma ragewa. Da ta ga abin ba ya fitar da kowa, sai ta sayar da keken. Ran nan ya dawo gida a ƙasa.

Cikin makon ne aka jefo wa su Malam wani ɗan abu, aka ce somin-taɓi ne, sauran sai kasafin baɗi. Ya je ya sayo rabin buhun shinkafa, ya ɗauko a keken wani baƙon yaro. Ina jiyo su a ƙofar gida suna ja-in-ja, Malam yana cewa wannan kuɗi ai zalunci ne, daga nan zuwa nan?

"Baba, ba laifina ba ne," in ji direban. "Je ka tambayi waɗanda suka ce a sa mana haraji."

Malam ya biya. Ya shigo ya cire rigar ya rataye, bai ce in wanke ba.

Ta bakin Hafsah labarin ya zo min, kamar kullum. Yayanta zai tafi Fatakwal. Abokinsa Abdulmalik yana sauke albasa a can, ya ce akwai wuri. Na san irin tafiyar nan. Ana cewa sai sallah, sallah ta zo ta wuce, sai dai murya a waya, kuma ni ko a wayar me zan ce masa?

Ranar tafiyar da safe ya fito da 'yar jakarsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Malam.

"Baba, zan tafi."

"To. Allah ya tsare." Malam bai ɗago ba, amma na ga carbin hannunsa ya tsaya cak.

Yayan Hafsah ya juyo wajena, idonsa a ƙasa. "Inna, a yafe min."

"Allah ya yi albarka," na ce, ina kallon tukunya.

Na ji takunsa a zaure, na ji ƙofa ta rufe. Na tsaya riƙe da murfin tukunyar. Ban san lokacin da na figi mayafi ba. Na fita har waje, ni da ba na tsayawa a ƙofar gida. Lungun ya cika, mai ƙosai tana suya, yara suna tafiya makaranta, shi kuma ya kusa kaiwa bakin titi, jaka a kafaɗa. Maƙwabta suna kallona, ban damu ba.

"Auwalu!"

Na san ya kai kunnensa, don har mai ƙosai sai da ta ɗago. Wani yaro mai sunan ya waiwayo daga can gefe. Shi kuwa ya ci gaba da tafiya har ya sha kwana. Bai san sunansa da muryata ba.