Birkin Ƙafar Hagu

Shekara ashirin Nives tana tuƙa babur, amma ba ta taɓa hawan jan babur ɗin babanta ba sai ranar da tsohon ya cika saba'in da takwas. Ƙirar 1972 ne, mai dogon tanki da kujerar mutum biyu, irin wanda ake ƙetare duwatsu da shi a kwana a Ostiriya. Tun da ciwon gwiwa ya kwantar da baban nata, Ermanno, babur ɗin ke lulluɓe a gareji. Ya dage sai ta kai shi saman dutse ya sha kofi.

"Ke, saurara. Birkin ƙafa yana hagu, giya yana dama. Ba irin wannan robar taku ta zamani ba ce."

"Baba, sau nawa za ka faɗa?"

Hawa lafiya lau. A gangara ne aka samu matsala. Birkin gaba irin na dā ne, ya yi zafi ya saki, sai ga motar katako ta tare kwana, ta gefen dama kuma rami ne wanda ba a hango ƙasansa. Ƙafa ba ta san nasiha ba. Nives ta taka dama da ƙarfi, inda ta saba samun birki, giya ya ƙaru, babur ya zabura. Wayyo! Ta sake takawa, ya sake ƙara gudu. Ba mutuwarta take tsoro ba, tsoronta a ce ita ta kashe ubanta ranar haihuwarsa.

"Hagu, sakarya! Hagu!"

Ta danna hagu. Tayar baya ta yi ƙara, ta ja tsakuwa, suka tsaya taku biyu daga bakin ramin. Direban motar katako ya wuce yana zagi ta taga.

Sai ta lura babu hannu a ƙugunta. Ta waiwaya. Tsohon ya riga ya zame har ƙarshen kujera, ƙafa ɗaya a ɗage kamar mai shirin dirowa, gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa.

"Baba, me kake shirin yi?"

Bai kalle ta ba. Leɓensa ya yi fari.

"Na san birkin nan," ya ce a hankali. "Da mutum ɗaya a kai yana tsayawa."